Me ya sa dokar hana aikin yara ta makara kafin ta iso kan titi?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwa, ina da wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma ina fatan masu sani za su haska mini ita. A cikin karatun da nake yi kan tarihin aikin ƙananan yara, na ga cewa Birtaniya ta kafa doka mai ƙarfi a kan masaƙu tun 1833, wadda ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara tara ba, aka kuma naɗa sufetoci huɗu domin su riƙa zagayawa suna dubawa. A 1842 aka hana saukar da yaran da ba su kai shekara goma ba cikin ramukan haƙar kwal. Amma da na nemi irin wannan doka a kan yaran da suke neman abinci a kan titi, masu tallar ashana da jarida da furanni da masu goge takalmi, sai na ga ba a fuskanci tallar yara gadan-gadan ba sai a 1903, wato bayan shekara 70 cif.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaron masaƙa yana bayan katanga, sai wanda ya shiga ne zai gan shi, alhali yaron titi yana gaban idon kowa. 'Yan majalisar da suka yi waɗancan dokoki a hannunsa suke sayen jarida, shi ne kuma yake share musu hanya idan za su tsallaka. To, me ya sa wanda ake gani kullum shi aka bari a baya? Sannan idan har doka ta makara haka, mene ne ainihin abin da ya kwashe yaran daga titunan Landan da New York? Na gode.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, tambayarki ta yi ma'ana, kuma a ganina amsarta tana cikin tambayar kanta. Zan ɗan gyara abu ɗaya tukuna: kafin 1903 akwai dokar hana zaluntar yara ta 1889, wadda ta haramta a sa yaro namiji da bai kai 14 ba, ko yarinya da ba ta kai 16 ba, su yi talla ko waƙa a titi tsakanin ƙarfe goma na dare da biyar na asuba. Sai dai ko da an ƙirga daga nan, tazarar ta haura shekara hamsin, saboda haka maganarki tana nan daram.

Dokar masana'anta ta yi sauƙin rubutawa ne domin akwai wanda za a kama. Masaƙa tana da ƙofa, tana da mai ita, tana da littafin da ake rubuta sunayen ma'aikata da lokacin shigarsu da fitarsu. Sufeto zai iya zuwa ya buga ƙofa, ya ƙirga kawuna, ya ci mai gida tara. Yaron da ke tallar ashana kuwa, wa ya ɗauke shi aiki? Da kwabonsa ya saro kayan, ko uwarsa ce ta ba shi jari, ko kuwa yana taya ubansa tura amalanke. Idan doka za ta hukunta wani, to ko dai yaron ne, ko iyayensa, kuma mutanen Ingila na wancan zamani suna matuƙar ƙyamar hukuma ta shiga tsakanin uba da ɗansa. Ga shi kuma kowa ya san cewa idan aka ci matalauciyar bazawara tara saboda ta tura 'yarta talla, gobe ita da 'yar za su koma gidan gajiyayyu na hukuma, inda masu biyan haraji ne za su ciyar da su. Ruwa ba ya tsami banza.

Domin a gane yawan yaran, sai a tuna yadda birnin ya kumbura. A 1801 mutanen Landan kusan miliyan ɗaya ne, amma zuwa 1901 sun haura miliyan shida, ga kuma waɗanda yunwar Ayalan ta koro tun daga 1845. Mafi yawan talakawan nan ba su da wurin ajiyar abinci, abin da za su ci yau shi suke saya yau, kuma a bakin titi suke sayensa. Ɗan jarida Henry Mayhew, wanda ya fara zagaya unguwannin talakawa yana hira da su a 1849, ya ƙiyasta masu tallar kayan lambu da kifi da 'ya'yan itace, maza da mata da yara, sun kai 30,000. Mai amalanke yana bukatar yaro domin muryar yaro ta fi kaifi, ta fi nisa, kuma idan muryar babba ta dushe da rana ta yaron tana nan.

A cikin waɗanda Mayhew ya yi hira da su akwai wata yarinya 'yar shekara takwas mai tallar wani ganyen ruwa da ake ci ɗanye. Tana isa kasuwar Farringdon tun tsakanin ƙarfe huɗu da biyar na asuba ta saro ganyen, ta wanke shi a famfo cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, ta ɗaure shi ƙulli-ƙulli, sannan ta shiga gari. Da ya yi mata zancen wuraren shaƙatawa na birnin, sai ya tarar ba ta ma san da su ba, har tana tambaya ko ana barin irinta su shiga. Amma lissafin kwabo da sisi kam ba a cutarta. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarinta shi ne yadda ta ƙi yarda a kira ta ƙaramar yarinya, domin a ganinta ta wuce nan. Akwai kuma yaran da suke shiga taɓon kogin Thames ba takalmi idan ruwa ya janye, suna tsintar gutsattsarin kwal da ƙusa da igiya da ƙashi su sayar, da masu tsintsiya a mahaɗar tituna, waɗanda ke share kashin dawaki a gaban mai doguwar riga da fatan ya jefo musu kwabo.

Yanzu ga inda ganin nasu kullum ya zame musu cikas. Mutumin da ya ga yaro a titi kowace safiya yakan saba da shi har ya daina ganinsa a matsayin matsala. Idan ma ya gan shi a matsayin matsala, to ta tsaro ce: ana yi masa kallon ɓarawon gobe. Shi ya sa masu tausayi na farko ba su nemi hana aikin ba, sun nemi su tsara shi ne. A 1851, shekarar babban baje kolin Landan, John MacGregor da mutanen makarantun 'ya'yan talakawa suka kafa rundunar yara masu goge takalmi, aka ba su jajayen riguna da akwatuna, aka ba kowa wurin tsayuwarsa, abin da ya samu kuma a raba: wani kaso nasa, wani na ƙungiya, wani a ajiye masa a asusu. A idon mutanen kirki na lokacin, wannan aikin titi magani ne, ba cuta ba.

Kuma ko inda akwai maigida ƙarara, doka ba ta cika aiki nan take ba. Yaran da ake turawa cikin bututun hayaƙi su share, an yi doka a kansu a 1788, aka sake a 1834, aka sake a 1840, aka ƙara a 1864, amma abin bai tsaya ba sai bayan 1875, lokacin da mutuwar wani yaro mai suna George Brewster a cikin bututu ta sa aka wajabta wa masu sana'ar yankar lasisi a wurin 'yan sanda.

Ɗan Jarida Mai Ritaya ya amsa:

Allah ya saka wa Malam da alheri. Ni zan tsallaka Amurka, domin a can ne maganar "wa ya ɗauke shi aiki" ta fito fili ƙwarai, kuma dole in faɗi gaskiya ko da ta shafi sana'ata: gidajen jaridu suna cikin manyan waɗanda suka jinkirta dokar.

Tun 1833, da Benjamin Day ya fito da jaridar New York Sun a kan senti ɗaya, aka ɗora sayar da jarida a kan wani tsari mai wayo. Kamfani ba ya biyan yaro albashi. Yaron ne yake zuwa bakin taga da kuɗinsa ya saro jaridu, ya fita ya sayar, abin da ya yi kwantai kuma asararsa ce. A ƙarshen ƙarni na 19 ana saro guda 100 a kan senti 50, a sayar da kowace a senti ɗaya. A yi lissafin da idon yaron: sai ya sayar da 50 kafin ya mai da uwar kuɗinsa, daga ta 51 ne riba take farawa. Jarida kuma ba kayan da ke kwana ba ce, ta yau ba ta da daraja gobe. Wannan shi ya sa ake ganin yaro ɗan shekara tara ko goma a ƙofar mashaya da tsakar dare da sauran jaridu a hammata, domin kowace ɗaya da ya koma da ita gida senti ne ya fita daga aljihunsa. Wasu har dabara suka koya, su ɓoye sauran su riƙe guda ɗaya suna marairaicewa cewa ita ce ta ƙarshe, a taimaka a saya su tafi gida.

A 1898, lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya, jaridu suka yi kasuwa, sai kamfanoni suka ɗaga farashin sari zuwa senti 60. Yaran ba su damu sosai ba domin ciniki yana gudu. Da yaƙi ya ƙare kasuwa ta faɗi, yawancin kamfanoni suka sauko, amma jaridun yamma na Joseph Pulitzer da William Randolph Hearst, wato World da Journal, suka ƙi. A watan Yulin 1899 yaran suka shiga yajin aiki. Sun yayyaga jaridun duk wanda ya fito sayarwa, sun tare kekunan dokin da ke rarrabawa, sun yi babban taro a wani zaure inda wani mai ido ɗaya da ake wa laƙabi da Kid Blink ya yi jawabi, abin har ya bazu zuwa wasu garuruwa. Bayan kimanin mako biyu aka daidaita: farashi ya tsaya a senti 60, amma kamfanonin suka yarda za su riƙa karɓar kwantai su mai da kuɗi. Wasu suna cewa yaran ba su ci nasara ba tunda ba a rage farashi ba. Ni ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa riƙe kayan da ke lalacewa da faɗuwar rana ya san cewa mai da kwantai ya fi ragin senti goma amfani.

Abin lura a nan shi ne, yaran nan ba su fito suna neman a hana su aiki ba. Sun fito ne a matsayin 'yan kasuwa da aka tauye, kuma wannan suna na "ƙaramin ɗan kasuwa" shi kamfanoni suka riƙe hannu bibbiyu. Idan mota ta buge yaro, sai su ce ba ma'aikacinmu ba ne. Idan aka kawo ƙudurin doka, sai a tuna wa jama'a cewa Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙire-ƙirƙiren nan na Amurka, shi ma ya sayar da jarida a jirgin ƙasa yana ɗan shekara 12, ga shi ya zama abin da ya zama. Ba a ƙirga dubban da ba su zama komai ba. Ɗan siyasa kuwa yana iya faɗa da mai masaƙa, amma yana shakkar faɗa da mai jaridar da za ta rubuta labarinsa gobe.

Masu fafutuka sun yi nasu ƙoƙarin. An kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da aikin yara a 1904, kuma daga 1908 Lewis Hine ya riƙa yawo yana ɗaukar musu hotuna, waɗanda fiye da 5,000 suke ajiye yau a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Akwai wanda ya ɗauka a St. Louis a 1910, yara uku masu tallar jarida sun jingina suna busa taba kamar manya. A 1912 Edward Clopper, ma'aikacin kwamitin, ya fitar da littafi sukutum a kan aikin yara a titunan birane, yana kukan cewa an manta da su. Jihar New York ta yi doka a 1903 wadda ta hana yaro namiji da bai kai goma ba tallar jarida, ta ce na sama da haka ya rataya lamba, amma aiwatarwa ta zama wasa, domin ɗan sanda ba ya son a gan shi yana jan yaro ɗan shekara takwas zuwa ofis jama'a suna kallo.

Inda aka yi saurin samun nasara shi ne kan masinjojin dare, kuma dalilin yana ƙarfafa maganar Malam. Yaran da ke kai saƙon tangarahu suna da kamfani, suna da rigar aiki da hula, suna da albashi. Da bincike ya nuna ana aika su gidajen karuwai da tsakar dare, har ana sa su sayo giya da ƙwaya, New York ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin wannan aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa biyar na asuba, a 1910. Akwai wanda za a kama, sai aka kama shi. Amma dokar tarayya ta 1938, wadda ake ɗauka ita ce ta rufe babin aikin yara a masana'antun Amurka, har yau ba ta hau kan yaran da ke kai jarida gidajen masu karatu ba.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina, na ƙaru sosai. Maganar rashin maigidan da za a kama ta warware mini rabin tambayar. Sai dai na lura kusan duk misalan na yara maza ne, in ban da mai tallar ganye. Sannan ina jin kamar an nuna yaran nan duka masu cin gashin kansu ne. Shin babu waɗanda manya suke juyawa a ɓoye? Kuma har yanzu ina jiran amsar kashi na biyu, wato abin da ya kwashe su daga titi.

Uwar Marayu ta amsa:

'Yata, kin taɓo inda nake so in yi magana, kuma da izinin malamai zan ɗan saɓa musu. Labarin yajin aikin 1899 yana da daɗin ji, amma ina tsoron kada daɗinsa ya rufe mana ido.

Akwai yaran da ba su da ko ƙwayar 'yanci. A tsakiyar ƙarni na 19 wasu iyayengiji sun riƙa shiga ƙauyukan kudancin Italiya, musamman yankin Basilicata, suna ƙulla yarjejeniya da iyaye matalauta a ba su yaro na wasu shekaru a kan wani kuɗi. Sai a kai yaran Faris ko Landan ko New York, a ba su goge irin na Turawa ko wani abin kiɗa mai tsirkiya, su wuni suna kiɗa a titi, da dare su miƙa wa ubangida abin da suka samu, wanda bai cika adadin da aka yanka masa ba kuma ya sha duka. Abin ya yi muni har Italiya ta haramta shi a 1873, Amurka ta bi sahu a 1874. A farkon ƙarni na 20 aka sake ganin irinsa da yaran Girka a shagunan goge takalmi na biranen Amurka. Mai wucewa yana ganin yaro shi kaɗai, bai san akwai babba a bayan lungu yana ƙirga kuɗi ba.

Game da 'yan mata, doka ta fi saurin kore su daga titi, amma ba don an fi tausayinsu ba. Tsoron lalata ne. A jihar Massachusetts an hana namiji da bai kai 12 ba sayar da jarida ko mujalla a titi, mace kuwa sai ta kai 18, kuma kotun ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan doka a 1944. To, ina 'yan matan suka tafi? Sun koma cikin ɗaki suna haɗa furannin roba da kwalayen ashana da ɗinki a kan ladan ƙirge, ko sun shiga aikatau a gidajen masu hali, inda babu mai ɗaukar hoto. Titi ya yi tsabta, aikin bai ragu ba. Wannan shi ne kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma har gobe ana yin sa. Alƙaluman Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF sun nuna yara miliyan 160 ne ke aikin da bai dace da su ba a 2020, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari a aikin gona suke. Na titi su ne ake gani, amma ba su ne mafi yawa ba.

Kuma idan hukuma ta ɗauki yaron titi a matsayin ƙazantar da za a share, abin yakan kai ga jini. A daren 23 ga Yulin 1993 aka buɗe wuta a kan yaran da ke kwana a gaban cocin Candelária a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Barazil, aka kashe takwas, kuma daga baya kotu ta samu 'yan sanda da laifi. Ko kyakkyawar niyya ma tana da nata tabon. Charles Loring Brace, wanda ya buɗe wa yaran jarida gidan kwana a New York a 1854 a kan senti shida, shi ne kuma ya fara ɗora yara a jiragen ƙasa zuwa gonakin yammacin ƙasar. Tsakanin 1854 da 1929 an kwashi kimanin 200,000 ko fiye, da yawansu ba marayu ba ne, wasu sun dace da gidajen kirki, wasu kuma an canja musu wurin bauta ne kawai.

Shi ya sa ba na raina ƙungiyoyin yara ma'aikata da suka taso a Peru tun 1976, da Indiya, da Afirka daga 1994, ko da ban yarda da duk abin da suke nema ba. A Bolibiya matsin lambarsu ya sa a 2014 aka halatta wa ɗan shekara goma yin sana'ar kansa bisa sharuɗɗa, duniya ta yi ca, aka soke a 2018. Ni ina ganin shekara goma ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Amma tambayar da yaran suka yi, cewa idan an hana mu me za mu ci, ba a amsa ta da soke doka ba.

Tsohon Malami ya ƙara da cewa:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Bari in ɗauki kashi na biyu, domin tambayar da Hajiya ta rufe da ita ce mabuɗinsa.

Makaranta ta yi abin da sufeton masana'anta ya kasa, saboda ta juya tambayar. Maimakon a tambayi wa ya ɗauki yaron aiki, sai aka koma tambayar me ya sa ba ya aji da ƙarfe goma na safe, kuma wannan tambaya tana da rajista da suna da adireshi. Ingila ta kafa hukumomin makarantu a 1870, ta wajabta zuwa a 1880, ta soke kuɗin makaranta ga mafi yawan yara a 1891, ta ba ƙananan hukumomi damar ciyar da ɗalibai a 1906, ta kai shekarun barin makaranta 14 a 1918. A lura da jerin: tilas ita kaɗai ba ta wadatar ba sai da aka cire kuɗi aka kuma sa abinci. Duk da haka makaranta ba ta kashe talla ba, ta rage mata lokaci ne. Jaridar yamma tana fitowa daidai lokacin tashi daga makaranta, kuma binciken da aka yi a biranen Amurka a farkon ƙarni na 20 ya nuna yawancin yaran jarida suna da iyaye, suna kwana a gida, suna zuwa aji, sai dai da yawa suna gyangyaɗi a cikinsa.

Na biyu shi ne kuɗin da ya maye gurbin na yaron. Albashin manya ya ƙaru, haihuwa ta ragu, sannan hukuma ta fara biyan uwar da mijinta ya mutu domin ta riƙe 'ya'yanta: jihar Illinois ta fara a 1911, Birtaniya ta kawo fanshon zawarawan mamata a 1925. Wannan dabara ce Meziko ta sabunta a 1997 da Barazil a 2003, inda ake ba uwa kuɗi da sharaɗin yaro yana zuwa makaranta.

Na uku, wanda ba a cika ambata ba, shi ne cewa sana'o'in kansu sun mutu. Da mota ta kori doki, mai share kashin doki ya rasa abin sharewa, titin kuma ya zama wurin da yaro ba zai iya tsayawa a tsakiyarsa ba. Tarho ya rage bukatar masinja. Shaguna da rumfunan jarida na manya sun ƙwace kusurwoyi masu ciniki, kuma da masu hali suka koma unguwannin bayan gari, kamfanoni suka fi son yaro mai keke da zai jefa jarida a ƙofa da asuba a kan mai ihu a bakin tasha.

Dokokin titi masu ƙarfi sun zo ne bayan waɗannan sun riga sun rage yawan yaran. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shekara 14 ga masana'antu tun kafuwarta a 1919, amma sai a 1932 ta yi yarjejeniya kan ayyukan da ba na masana'anta ba, inda ta ambaci tallar titi da suna. Ingila kuma sai a 1933 ta kai shekarun talla 16, kuma ko a nan ta bar wa ƙananan hukumomi ƙofar su ƙyale yaron da ke taya iyayensa.